Wanda Ya Karya Ƙafar Ramatou

Ilimi yana hana mutum aikin jahilci. Malam Abdou yana da digiri biyu ranar da ya sayi guduma.

A Lyon yake zaune, yana rubuta kundin dokta kan tsoffin sunayen Jamusawa. Yayarsa Ramatou, wadda ta goya shi a Damagaram, ta daɗe a Saint-Denis, a gefen Paris. Da ya iso Faransa a 2008 sai ya tarar tana jan ƙafar hagu, ga tabo daga kunne har haɓa. In ya tambaya sai ta ce, "Ƙaddara ce. Ci abincinka."

'Yarta Kausar, ɗalibar jami'a mai ce masa Tonton, wato kawu, ita ta saki zancen ran Sallah, ana kwashe kwanuka.

"Tonton, wai ba ka sani ba? Ai Lothar ne. Washegarin Kirsimeti, da sassafe. Ta taga ya shigo, gilashi ya yanke ta, ya kifa mata kabad a ƙafa."

"An kama shi?"

Ta yi dariya. Dariya fa!

"Kai, Tonton! Wa zai kama shi? Ba Maman kaɗai ya taɓa ba, har rayuka ya ɗauka. Daga nan ya wuce Jamus abinsa."

Abdou ya san sunan nan fiye da nasa, tsoffin kalmomin Jamusawa biyu ne aka haɗa. Hlud, ƙarar da ake ji daga nesa, wato shahara. Hari, rundunar yaƙi. Wani jikan Sarki Sharlaman ya amsa sunan, ya fita fili ya gwabza da ƙannensa biyu har aka gaji da binne mutane. Babi guda Abdou ya rubuta a kai, malaminsa ma ya yaba.

Ya koma Lyon, karatu ya ƙi shiga. Ya rinƙa buga waya yana tambaya a kaikaice. Lothar ɗaya ne tak a unguwar yayarsa: wani ƙaton mai gyaran babura, wanda ya tafi Jamus a farkon 2000, ya dawo kwanan baya. A matsayinsa na mai bincike, Abdou bai ga buƙatar ƙarin hujja ba.

Ya hau jirgin ƙasa na safe. A bakin garejin ya yi gaisuwa, don yana da tarbiyya, ya tambaya da Jamusanci mai tsabta ko shi ne Lothar. Mutumin ya ce shi ne.

Guduma ta sauka a kafaɗar Lothar, ƙashi ya ce ƙas. Lothar bai karanta babin ba, amma da alama ya yarda da abin da ke ciki. Da hannun da ya rage ya jawo sarƙar babur ya shimfiɗa wa Abdou a baki, ya ƙara masa a haƙarƙari, ya buga kansa da tankin mai. Haƙora suka watse a siminti, jini ya gauraya da baƙin mai.

A asibiti aka ba su gado kusa da juna, ɗan sanda a tsakani. Ramatou ta shigo tana jan ƙafa, Kausar na biye.

"Na rama miki, Yaya," in ji Abdou ta cikin bandeji. "Ga shi nan kwance."

Ramatou ta dubi Bajamushen, ba ta taɓa ganinsa ba. Ta dubi 'yarta. Kausar ta sulale ƙasa, hannu biyu a ka.

Lothar shi ne sunan da masu hasashen yanayi na Berlin suka raɗa wa guguwar da ta ratsa Paris a Disambar 1999. Har yau ba a kama ta ba.