Wa Ya Tsallaka Rafi da Motar?

Bakanike ya lakato man giyar mota, man ya yi fari kamar madara.

"An tsallaka ruwa da jif ɗin nan, ranka ya daɗe. Shi ya sa kuloci ya maƙale."

Maigida ya harari direbansa. Sati biyu maigidan yana kwance asibiti, ashe an samu sake!

"Ajiye makullin, ka kama gabanka."

Direba ya ajiye makullin.

Daga bakin ƙofa matar maigida ta ce, "Ƙyale shi. Ranar da ka yanke jiki ka faɗi, ba ya nan, gada kuma ta karye. Ni na tuƙa."

"Ke? Ba na hana ki koyon mota ba?"

"Da na ji maganarka, da yanzu takaba nake."