Daga Uwarsa

Shayi ya huce a kofuna, fanka na juya zafi kawai, ƙatti uku kuwa tun azahar suke kan layi ɗaya na littafin wasansu.

Wasan nasu na tebur ne. Kowa da jarumin da ya ƙirƙira, Tela ne mai jan labari, shi ke faɗin abin da ya same su, ƙwaya irin ta ludo da suke jefawa kuma ita ke yanke sa'a. Duk ranar hutu a falon su Direba suke baje taswira, don nan ne ba mai korar su.

Yau jarumin Direba ya maƙale a kogon ƙanƙara, sanyi na cin sa. In bai huro wuta daga bakinsa ba, ya mutu, kuma a dokar Tela wanda ya mutu ba ya tashi. Direba ya daɗe yana lallaɓa jarumin nan. In ya sauko daga mota da ciwon baya, ba abin da ke sa shi dariya sai shi.

Layin da ya hana su motsi gajere ne: "Baiwar wuta ba a koyon ta. Ɗa yana samun ta daga uwarsa." Shi kuwa jarumin, a labarin, 'yar adam ce ta haife shi ta ajiye a gindin dutse, dodanniya mai aman wuta ta ɗauka ta shayar da shi har ya yi gemu.

"Uwa aka ce, malam," in ji Tela. "Wadda ta haifa. Abin a jini yake."

"Ina ka ga jini a nan? Nuna min!"

Dogo, na ukunsu, ya kifa kai a tebur. "Don Allah ku kashe shi ko ku raya shi. Ni ƙafata ce ta riga shi mutuwa."

Maman Direba na guga a kusurwa, ba ta sa baki. Gwaggo ce ta shigo kwashe kofuna, yayar marigayi baban Direba. Daga aikinta na sharar asibiti ta biyo, ƙafafu a kumbure, kamar yadda take biyowa duk mako ko ba a neme ta ba. Mace ce mara wasa. Ko Direba ba ya samun fara'arta, "kai wannan" take ce masa tun yana rarrafe.

Tela ya ce a bar wa Gwaggo, abin da ta yanke ya zauna. Ya san ba ta ɗaure wa kowa gindi, balle Direba. Aka karanta mata layin, aka ba ta labarin.

Direba ya gyara zama, ya ɗauko hujjarsa da zafinta. Ya ce haihuwa ai ko akuya na yi. Matar da ta sauke ɗa ta kakkaɓe zani ta tafi, da wane baki za a kira ta uwa? Wa ya hana ido barci, wa ya wanke kashi? Ya nuna kusurwa da haɓa. "Ga irin uwa nan. Ko ba haka ba, Mama?"

Mama ta dakata da guga. Rigar da ke ƙarƙashin dutsen guga ta fara ƙauri.

Gwaggo ta dubi littafin, duk da ba ta iya karanta shi. "Ita wadda ta ajiye shin, an faɗi dalilinta?"

Tela ya juya shafi gaba da baya. Ba a faɗa ba.

"Ba a cika faɗa ba," in ji ta.

Ta tara kofunan a faranti. Sannan ta ce, da muryar da take korar masu taka mata shara, "Wadda ta yi raino ita ce uwa. Ɗayar ba ta da ta cewa. Kai wannan, hura wutarka ka ba mutane wuri."

Direba ya yi ihu ya jefa ƙwaya. Ƙanƙara ta narke, jarumi ya fito da ransa, Tela na mitar an yi masa fashi da rana tsaka. "Yau dai Gwaggo ta so ni!" in ji Direba. Ba ta ko waiwaya ba.

A kicin ta jera kofunan a baho ta saki ruwa. Mama ta biyo ta, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙonanniyar rigar a hannu.

"Yaya, ki yi haƙuri. Bai sani ba ne."

"Koma ki cire dutsen gugarki."

Gwaggo ta ci gaba da wanki, dariyar Direba na shigo mata ta bango. Akuyar da ya faɗa ba ta yi mata ciwo kamar yadda ta zata ba, gajiya ce dai ta ƙaru. Yaron bai yi ƙarya ba, haka aka yi: ita ta haife shi, ta miƙa wa matar ƙaninta tun cibiya ba ta faɗi ba, ta kakkaɓe zani ta koma aiki.