Loma Ɗaya a Gidan Surukai

Mai gyaran agogo yana cin abincin rana a gidan surukansa sai yankan nama ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya nemi numfashi, babu. Ya nemi tari, shi ma ya ƙi zuwa.

Mutum ne mai kunya, irin wanda ko taka shi aka yi, shi zai fara cewa "yi haƙuri". Ga surukinsa yana tsakiyar ba da labari, kowa ya kasa kunne. Yaya zai buga tebur, ya zazzare ido a gaban iyayen matarsa? Sai ya ajiye cokali a hankali, ya shige banɗaki, har da sa sakata.

Matarsa ta ga fuskarsa ta canza. Ƙaninta ma ya gani. Amma ba a katse babba, ba a kuma bin mutum banɗaki. Kowa ya dubi na kusa da shi, ya gan shi zaune, shi ma ya gyara zama.

Gwaggon matar ce ta miƙe. Dama ita bakinta ba shi da linzami, dangi sun daɗe suna ƙorafi a kanta.

"Yaya, dakata da labarin nan! Yaron nan ba lafiya ya tashi ba."

"Haba Gwaggo, banɗaki fa ya shiga," in ji matar cikin raɗa.

"Ko rijiya ya shiga sai na leƙa!"

Ta buga ƙofa, shiru. Ta sa ƙanin ya ɓalle ta da kafaɗa. Suka same shi a ƙasa, leɓɓansa sun yi baƙi. Gwaggo ta durƙusa tana danna ƙirjinsa har naman ya fito.

Ya rayu, amma mintunan da ya yi ba iska sun bar masa rawar hannu. Wanda ya shekara ashirin yana ɗaukar ƙananan kusoshin agogo, yau cokali ma sai da dabara. Dole ya rufe shago.

Tun yana kwance a asibiti, likita ta ce masa, "Ƙwaƙwalwa tana gudun abin kunya kamar yadda take gudun wuta. Ita ke sa mu bi layi, mu sassauta murya cikin mutane, ba ɗan sanda a kanmu. Alheri ne babba, sai dai ba kullum take gane ranar da ladabi zai kashe mai shi ba."

Da aka sallame shi, gidan Gwaggo ya fara zuwa. Ya durƙusa, hawaye na zuba.

"Gwaggo, 'ya'yana suna da uba saboda ke. Na gode."

"Gode wa Allah da ya rage mini kunya," ta ce. "Ungo ruwa, kuma a gabana za ka sha."

Jama'a, ladabi ado ne, mu gode da shi. Amma idan rai yana cikin haɗari, ku yi ihu, ku katse babba, ku ɓalle ƙofa. Kunya tana wucewa, rai ba ya dawowa.