Reshen Marke Don Kabarin Ilu

Tun da aka killace sauran itatuwan garin a gidan gilashi, da roba ake rufe kabari. Amma Talle ya rantse yayansa Ilu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana yi wa itatuwa waƙa, ba zai kwanta ƙarƙashin roba ba.

"Ɗana, reshen marke ɗaya tak," ya roƙi mai gadi. "Gawa na jira. Shi ya dasa shi da hannunsa."

"Baba, ko ganye ne ya faɗi, na hukuma ne. Allah ya jiƙansa."

Talle ya juya hannu rabbana. A bakin ƙofa, lasifika na rera wa 'yan kallo baitin Ilu, inda yake roƙon marke ya yi masa inuwa ranar da ya kwanta dama.