Bayan gizo-gizo

Yanzu babu maigidana, babu kuma akwatin gilashin da ke zaurenmu. Zauna, yaro, ka ji, tunda na ga nasarar abokinka ta hana ka barci.

Baturen da maigidana ya yi wa aikin lambu ne ya bar masa wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, mai faɗin tafin hannu, wanda suke kira tarantula, a cikin akwatin gilashin nan. Gyare maigidana yake ba shi. Bai taɓa damƙarsa ba. Shimfiɗa hannu yake yi a ƙasa, ya jira, gizo-gizon ya hau da kansa. Mutane su cika zaure suna yaba masa, ƙanensa kuwa yana gefe yana cizon leɓe. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma ko gaisuwa aka yi wa wansa da fara'a, sai ransa ya ɓaci. Yakan ce, "Ƙwaro ne fa, ba zaki ba." Maigidana ya sha faɗa mana cewa dabbar nan ba ta faɗa sai ta yi gargaɗi. In ta ɗaga ƙafafun gaba, cizo ke tafe. In ta juya maka baya, kawar da fuskarka. Ƙanen bai taɓa tsayawa ya ji ƙarshen maganar ba, don daga bakin wansa take fitowa.

Da maigidana ya rasu, gizo-gizon nan ne kaɗai abu mai rai da hannunsa ya rena ya bar mini. Ni nake kama masa gyare. Ana cikin zaman makoki, wani ya ce ai daga marigayi an gama, babu mai iya ɗaukarsa. Ƙanen ya miƙe. Na ce, "Don Allah ka bar mini shi." Ya ce, "Matar Yaya, ke ma raina ni kika yi?" Ya cafko shi, ya ɗaga shi daidai fuska don kowa ya gani. Gizo-gizon ya juya masa baya. Ya yi dariya ya ce, "Kun gani? Ya ba ni baya, tsoro ya ji." A wurinmu mai juya baya gudu zai yi, gizo-gizon kuwa a bayan nan makaminsa yake. Ya karkaɗe gashin jikinsa da ƙafafun baya, gashin ya tashi kamar ƙaiƙayi ya shige wa ƙanen ido. Ya yarfe hannu, gizo-gizon ya faɗo kan siminti, cikinsa ya fashe. Ni na share wurin. Har yau idon ƙanen na hagu dishi-dishi yake gani, kuma in an tuna ranar, wansa ake yabo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido. Ka taya ni addu'a, Allah Ya jiƙan maigidana, Ya wanke mana zukata daga ƙyashin abin da Ya ba wani. Amin.