Mafaraucin da Ya Ɗanɗana wa Karensa Magani

Ajiye kwalbar nan tukuna, Malam Hashimu. Ka ce ƙwayar barcin da kake sha za ka gutsura wa karen gonarka, don ya daina firgita in an yi tsawa. Shekara talatin na yi ina duba dabbobin mutane, kuma akwai wani misali da ba na son tunawa da shi, amma yau ka sa dole in ba ka.

An yi wani mafarauci a wani ƙauye da ke ƙetaren rafi, yana da baƙin kare mai ido ɗaya. Ɗaya idon kumurci ne ya tofe shi, ranar da karen ya shiga tsakanin macijin da ubangidansa. Tun daga ranar, ko tuwo aka kawo wa mutumin sai ya fara yanka wa karen loma. Yana kuma da wata al'ada da ya gada wurin mahaifinsa. Saboda mahassada da ke ba karnukan farauta guba, duk abin da ya fito daga hannun wani, ba ya shiga bakin karensa sai ya fara taɓa harshensa. Al'adar nan ta tsare masa karnuka har uku, shi ya sa ya yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Da karen ya tsufa, sai tsoron tsawa ya shige shi. Hadari na haɗuwa zai kama kyarma da haki, ya yi ta tonon ƙarƙashin rumbu har faratansa su yi jini. Barci ya ƙaurace masa, gashin kwiɓinsa ya zube. Mafarauci ya ɗora shi a babur har cikin gari wurin likitan dabbobi. Likita ya auna karen a sikeli, ya ba da wata farar ƙwaya 'yar mitsitsiya mai suna melatonin. Ya ce jiki ma da kansa yana yin irinta in duhu ya yi, tana kwantar da fargaba, tana gyara barcin tsohon kare, wani lokaci har gashi takan taimaka ya dawo. Guda ɗaya za a ba shi da zarar an ga hadari, in ta ƙare kuma a dawo nan. Mafarauci ya lashi ƙwayar a gaban likita, likita ya yi dariya. Kuma ta yi aiki. Kafin wata guda, ana tsawa karen na kwance a zaure ya ɗora kansa a kan ƙafar ubangidansa, har gashi ya fara toho.

A tsakiyar marka ƙwayar ta ƙare. Hanyar gari ta lalace, sai ya shiga wani kemis ranar kasuwar maƙwabta, ya nuna tsohuwar kwalbar. Aka ɗauko masa wata mai suna iri ɗaya a jiki, sai dai ta mutane ce, ja, mai laushi da zaƙi kamar alawa. Mutumin ba wawa ba ne. Ya tauna guda biyu da kansa, ya jira har kwana ɗaya, bai ji komai ba sai barci mai daɗi da ya daɗe bai yi irinsa ba. Washegari da la'asar gabas ta yi baƙi, ya miƙa wa karen guda biyu, ya ƙara ta uku ganin yana kaɗa wutsiya yana lashe masa tafi. Ba a jima ba karen ya yi amai, ya fara tangaɗi. Mafarauci ya ce a ransa magani ne ke aiki, ya lulluɓe shi da buhu, ya tafi gyaran jinkar rumbu. Da ya dawo ya tarar da shi yana shure-shure, kumfa a baki. Ya saɓa shi a kafaɗa ya ruga cikin ruwan sama, amma rafi ya riga ya kawo, ba babur, ba kwalekwale. Nan ya zauna a gaɓa, karen a cinyarsa, yana kare masa ruwa da rigarsa. Kafin rafin ya janye, karen ya yi sanyi.

Bayan kwana uku ya kai kwalbar wurin likita. Likita ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, ya ce ba melatonin ɗin ne ya kashe shi ba. Abin zaƙin da aka sa a ciki ne, wanda ba sukari ba. Mutum kan sha ya tashi lafiya, amma in kare ne, yakan zubar masa da sukarin jini, ya cinye hanta. Mafarauci ya ce, "Amma na ɗanɗana fa, likita. Wallahi na ɗanɗana." Bai sake ajiye kare ba har ya mutu.

Likitan nan ni ne, Malam Hashimu, kuma abin yana ci min rai har yau. Na ce masa ya dawo, ban gaya masa dalili ba, ina can ina dariyar lasar ƙwaya. Kai ga shi na gaya maka. Mayar da kwalbarka aljihu, gobe ka kawo karen a auna shi. Ko suna ɗaya ne a jikin kwalbar mutum da ta kare, harshenka ba cikin kare ba ne. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.