Kunun Ranar Gayya

Zauna ki ji wani misali, 'yar'uwa. A wani ƙauye an yi wata mata da mijinta ya rasu ana gab da saukar damina. Dangi suka taimaka aka yi shuka, amma kafin ta fita takaba ciyawa ta shaƙe dawar, ga yara ƙanana, ga rumbu ya kusa ƙarewa. Gonar nan ita ce abincinsu na shekara. In ta lalace, sai dai a rarraba yaran gidajen dangi. Sarkin noma ya dubi Allah ya kira mata gayya, yini guda tak, don kowa tasa gonar na jiransa. Abin da ke kanta shi ne abin da ke kan duk mai gayya: in rana ta take, a kai wa manoma abin jiƙa maƙoshi. Gayyar da ta sha takan koma bakin aiki, amma wadda ƙishirwa ta kora gida ba ta dawowa.

To, ita gwanar kunun zaƙi ce. Tun da sauran kwanaki ta jiƙa shinkafa ta lulluɓe har ta yi tsiro, ta shanya, ta daka da ƙaiƙayinta. Ana gobe gayya ta niƙa gero da citta da kanumfari, ta dama rabi da tafasasshen ruwa, da ya huce ta haɗe shi da ɗanyen ƙullun da garin tsiron, ta rufe ya kwana yana yin zaƙi da kansa, ba ko ƙwayar sukari. Da hantsi saura tacewa. Ta yi bisimilla, ta ɗaura ƙyallen tata a bakin randa, tana zubawa da ƙoƙo tana juyawa da hannu, kunu na sauka sumul, dusa da ƙaiƙayi na taruwa a sama. Daga tsakar gida tana jiyo gangar noma, ta san muddin ganga na tashi, fartanya na cin ƙasa.

Ana haka wata tsohuwa maƙwabciyarta ta dawo daga leƙen gona, ta ce jama'a sun fi yadda aka zata, har daga ƙauyen gaba an zo. Matar ta ajiye ƙoƙo. Ta leƙa randa, kunu ya kai wuya, in an bi da ludayi kowa zai samu. Amma zuciya ta ce mata, ina za ki sa kanki in aka ce an yi miki aikin Allah kin shayar da mutane da ludayi? Ta dubi dusar da ke cikin ƙyalle, jiƙe jagab, da nauyi kamar jariri.

"Sauke shi haka, 'yar nan," in ji tsohuwa. "Abin da ya rage rabon awaki ne. In ma matsar za ki yi, matse a wata ƙwarya, ba a kan randa ba."

"To, Iya," ta ce.

Tsohuwa ta fita kiran matan da za su taya ɗauka. Matar ta waiga, ƙoren duk suna can bakin zaure an jera, ga makaɗi ya fara kiran uwar gayya da ganga. Ta tattara bakin ƙyallen ta murɗa a kan randar. Ruwa mai kauri ya tsiyayo, mai zaƙin gaske. Ta ƙara murɗawa. Ta ji zare ya ce ƙiris. Ta ji fa, ba wai ba ta ji ba. Sai ta ce a ranta, saura ɗaya. Ta tokare gwiwa a jikin randa, ta cije leɓe, ta murɗa da iyakar ƙarfinta. Ƙyalle ya fashe, dusar ta faɗa cikin kunu gaba ɗaya, har ya fantsamo mata a fuska.

Salati kawai ta iya yi. Ta ɗanɗana, ƙaiƙayi ya kartar mata maƙogwaro. Wannan ba mai iya haɗiye shi, balle mai ƙishin rana. Ta rarumo rariya, ƙaiƙayin ya bi ta ƙofofinta ya wuce. Ta cire ɗankwalinta ta ɗauraye ta ɗaura a bakin tukunya, shi kuma saƙarsa ta cika matsi, kunun na ɗiga kamar hawaye. Mata suka shigo da gammo a hannu, suka tsaya cirko-cirko. Aka tafi aron ƙyalle, gidaje a rufe, kowa na gona. Inuwa ta tattare ta koma ƙarƙashin ƙafa. Ganga ta fara ja da baya, ta buga, ta tsaya, ta sake bugawa, sai shiru. Matar ta tsayar da hannu tana saurare ko za ta tashi. Ba ta tashi ba.

Sa'ad da ta samu ta tace ƙwarya guda ta ruga gona, sarkin noma kaɗai ta tarar a gindin ɗorawa yana karkaɗe fartanyarsa. Mutane sun jira har sun gaji, sun tafi gida shan ruwa, daga can kowa ya wuce tasa gonar. Rabin dawar ya fito tas, rabi na cikin ciyawa. A ranar aka tsuge da ruwa, aka jera kwanaki ana yi, ciyawa ta rufe abin da ya rage. Hatsin da ta girba bai kai su bazara ba, ta riƙe hannun 'yar autarta da kanta ta kai ta gidan kawunta, ta dawo ita kaɗai.

Abin da ta nema a cikin dusar nan kuwa bai cika ƙoƙo ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.